Priz ɗin ɗakin ɗinkina ya yi baƙi, in jira a ɗauke kuran in canza shi?

Sani Tela, Bukoki
Assalamu alaikum jama'ar zaure. Masu sani ku taimaka mini. Priz ɗin, wato ramin wuta na bango, da nake sa dutsen guga a ɗakin ɗinkina kwana uku ke nan yana warin ƙonanniyar roba. Bakin rami ɗaya ya yi baƙi ƙirin, in na tura fish, wato kan wayar dutsen gugar, sai in ji tsss kamar an jefa albasa cikin mai. Jiya maman yara ta ce ita dai ba ta ƙara shimfiɗa wa yara a jikin bangon nan. Ga ɗinkin biki ya taru mini, ba ni da halin zama jiran mai gyara. Niyyata gobe in biya kasuwar Katako ta nan Yamai in sayo sabo, in an ɗauke kuran, wato wutar lantarki, da rana in kwance tsohon in ɗaura. Waya biyu ce dai da sukurori biyu. Wane iri zan saya? Kuma tunda zan taɓa, ina so in sauke dogon neyon ɗin sama in sa LED.

Abdu Kabu-kabu
Wa alaikumus salam. Haba Sani, wannan har sai an kawo shi zaure? Ni da kuran ɗin ma nake canzawa. Ka sa silifa, ka riƙe waya ɗaya ɗaya, kar ka bari su haɗu. Minti biyar ka gama.

Maman Hadiza
Abdu ka ji tsoron Allah. Malam Sani, maganarka ta jiran a ɗauke wuta ita ta tayar mini da hankali, don haka ƙanena ya yi a gidanmu na Talaje. An ɗauke wajen ƙarfe biyu, ya ce bari ya yi sauri ya gyara fitilar tsakar gida. Ya hau durom, ya kwance wayoyin, ɗaya a hannu, turnabis a baki. Ni ina wanke-wanke, abin da na fara ji shi ne rediyon maƙwabta ta kama magana, yara waje suna ihun an kawo. Kafin in ɗaga kai yana ƙasa. Allah ya sa faɗuwar ce ta raba shi da wayar, amma ya karye a wuyan hannu, wata biyu bai tuƙa mota ba. Har yau akwai farin tabo a tafinsa.

Malam Idi mai kuran
Salamu alaikum. Hajiya ta riga ni. Sani ɗana, shekara talatin da ƴan kai ina aikin ga, tun ina yaron shago Tawa, kuma abin da maigidana ya hwara koya mini shi ne: ɗaukewar kuran ba kashewa ba ce. Wanda ya ɗauke ba ya yi maka sallama in za ya maido. Ni na hi son in yi aiki lokacin da akwai kuran cikin unguwa, don in na sauke dijontar, babban makunnin wutar gida, da hannuna in ga ampul ta mutu, na san ni na kashe ta. In babu kuran ko kaɗan, da mi za ka gwada? Testar, turnabis ɗin gwajin wuta mai ƴar fitila, ba ta kamawa, ka ce lahiya lau, alhali ba ka san komi ba.

Ga yadda za ka yi in ka nace. Ka ɗauki testar, ka sa ta cikin priz mai aiki ka ga ta kama, don ka tabbata ita kanta lahiyarta lau. Sannan ka tahi wurin kontar, mitar wuta, ka sauke babban dijontar. Ka manna mishi skoc, ka gaya ma kowa cikin gida, har yara, kar wanda ya taɓa. Ka dawo ka gwada ramun priz ɗin duka biyu. In ka kwance murhin, ka sake gwada kowace waya da kanta kahin yatsanka ya kai gare ta. Ban ce ka tsallake ko guda ba.

Kontar ɗin kanta da hatimin da ke jikinta da wayar da ta shigo daga fal-waya, wannan na kamfanin wuta NIGELEC ne. Ba naka ba, ba nawa ba.

Abdu Kabu-kabu
Baba Idi, da girmanku, amma ni na yi sau ya fi goma ban mutu ba. Kuran ɗin gida ai ɗan ja ne kawai yake yi, ya sake ka.

Majo Rakiya
Abdu, waɗanda bai sake ba ai ba sa cikin zauren nan balle su ba ka amsa. Ni na karɓe su a asibitin da nake aiki. Wutar gida takan ƙanƙame naman hannu, yatsu su dunƙule a kan wayar, mutum yana so ya saki ya kasa. In ta bi ta ƙirji tana iya rikita bugun zuciya. Kuma ka duba lokacin da muke ciki, zafi ya haura 40, kowa jiƙe yake da gumi. Busasshiyar fata tana ɗan tarewa, jiƙaƙƙiya kuwa hanya ce a buɗe. Ga siminti da aka yayyafa wa ruwa don sanyi, ga mutum ba takalmi.

Salisu ɗalibi
In ƙara da lissafi kaɗan a kan maganar Majo. Wutarmu bolt 220 ce. Ampul ɗin LED mai wat 9 tana jan kamar miliampa 40 ne kacal. To abin da aka ɗauka a matsayin iyakar haɗari ga jikin mutum miliampa 30 ne. Wato wutar da ke kunna ƙaramar ampul ɗin bayan gida ta isa ta yi kisa in ta sami hanya ta zuciya.

Abdu Kabu-kabu
To na ji. Kun taru a kaina kamar na saci akuya.

Sani Tela, Bukoki
Na gode Baba Idi, na gode Hajiya, Allah ya ƙara wa ƙanenku lafiya. Wallahi ban taɓa kawo wannan a raina ba, ni a ganina in an ɗauke shi ne lokacin aminci. To amma me ya sa ya yi baƙi tun farko? Kar in sa sabo shi ma ya ƙone.

Malam Idi mai kuran
Yawwa, yanzu ka yi tambaya. Priz ba ya ƙonewa banza. Mahi yawa sukurun da ke riƙe da waya ne ya saki, ko bakin ramin ya buɗe ba ya kama fish da kyau. Duk inda haɗi ya yi sako-sako nan zahi ke taruwa, kuran na tsalle, shi ne tsss ɗin da kake ji. Dutsen guga ko abu ne mai ci, wani wat 1000, wani ya wuce 2000. Caja ta waya ba ta tona asirin priz, dutsen guga da tukunyar dahwa ruwa su ke tonawa.

In ka buɗe za ka iske bakin wayar ya yi baƙi, robar ta bushe tana ɓarewa kamar ɓawon gujiya. Kar ka maida wannan cikin sabon priz. Yanke shi har inda jan ƙarhe ke ƙyalli, ka heɗe kamar santimita guda, ka sa, ka ɗaure tamau, ka ja da hannu ka ji ba ta hita. Kar gashin waya ko guda ya leƙo waje. In wayar ta gajarce ba ta kai, kar ka murɗa wata ka naɗe da leda, domino, ɗan mahaɗin waya mai sukurori, aka sa. In ko ƙunar ta bi waya ta shige cikin bango, tsaya nan, aikin ya hi ƙarhinka.

Sayayya: nemi wanda anka rubuta 16A a bayanshi. Ɗauke shi ka ji nauyi, ka leƙa ka ga ƙarhen ciki mai kauri ne. Tahi da fish ɗin dutsen gugarka ka gwada nan gaban mai shago, in ya shiga sululu ba ya kamawa, aje mishi abinshi. Katako akwai na ƙwarai akwai na banza, teburi guda suke zaune. Araha ba ta ado.

Nura Ƙonni
Sani abu ne mai sauƙi wajen haɗawa. Ja shi ne mai wuta, baƙi shi ne nitir da wutar ke komawa ta cikinsa, kore na ƙasa. Baƙin ko ka taɓa ba komai.

Salisu ɗalibi
Yaya Nura a'a! Baƙi ai faz ne, mai wuta. Shuɗi ne nitir. Ja, ko ruwan ƙasa, ko baƙi, duk masu wuta ne. Ta ƙasa kuma kore da rawaya a haɗe.

Nura Ƙonni
Kai yaro, ni a Sakkwato na koyi aikin nan shekara huɗu, gidaje nawa na ja wa waya. Littafi ka karanta, ni da hannu na yi.

Malam Idi mai kuran
Ku dakata, ku duka kuna da gaskiya, kuma gaskiyar taku ita ka kashe mutum. Nura ya koyi tsohon tsarin Ingila da Najeriya ta gada: ja wuta, baƙi nitir. Salisu na hwaɗin tsarin Faransa da mu munka gada: shuɗi nitir, baƙi na iya zama faz. Ingila ɗin ma ta bar tsohon launin, ta koma ruwan ƙasa da shuɗi. To garin ga namu waya na shigowa ta ko'ina, masu aiki ma haka, wani daga Ƙonni, wani daga Kwatano, wani daga Lome. Na sha buɗe gida in iske waya ukku duk ja, don bandir guda mai gida ya saya. Na iske kore da rawaya ɗauke da wuta, na gani da idona a wani gida Lazare, yaron da ya ja ta ta ƙare mishi ya cika da abin da ya samu. Saboda haka launi shaida ce ta wanda ba ka sani ba. Kahin ka kashe dijontar, sa testar ka ga wane rami ke kamawa, ka riƙe. In ka buɗe, ɗauki hoto da salularka kahin ka kwance komi. Bayan sabon priz za ka ga L, nan faz ka shiga, N na nitir, na tsakiya mai alamar ƙasa na ter, wayar ƙasa.

Nura, kuma nitir ɗin ma ba a taɓa shi da ganganci. Akwai ranar da yaka ɗauko wuta.

Nura Ƙonni
Na karɓa Baba. Salisu ka yi haƙuri, na yi zafi. Amma ni ma ina da ƙorafi a kan priz ɗinku na nan: kayan da muke sayowa daga Najeriya fish ɗinsu mai ƙafa uku ne masu faɗi, ba ya shiga ramin nan zagayayye. Sai ka ga mutum ya yanke kan ya cusa tsirarar waya da tsinken ashana.

Salisu ɗalibi
Ba komai yaya. Wannan tsinken ashanar ya ƙona ɗakuna. A canza kan gaba ɗaya a sa irin namu, ko a sa priz mai karɓar duka biyun amma mai kyau. Adaptar ɗin nan masu rawa kuma a bar wa caja, kar a ɗora musu dutsen guga. Haka ralonj, jeren priz mai doguwar waya: priz ɗaya mai ampa 16 iyakarsa wajen wat 3500, kuma sai in wayar bangon mai kaurin 2,5 ce. Mai 1,5 ta fitilu ce. Ralonj ɗin kasuwa da yawa wayar cikinsu ba ta kai ko 1 ba, a jera mata firigo, telebijin, dutsen guga.

Elhaji Mamman
Assalamu alaikum. Ni ina da gidajen haya, bari in faɗi tawa ko ba ta yi daɗi ba. Malam Sani, ka gaya wa mai gidan? Ku ƴan haya haka kuke, mutum ya kwance bango ya yi haɗe-haɗensa, ran da gobara ta tashi a ce mai gida bai sa waya mai kyau ba. Na taɓa karɓar ɗaki bayan wani ya tashi, na tarar ya ja waya daga duy, wato mazaunin ampul, ya sauko da ita ya yi wa kilim, na'urar sanyaya ɗaki, priz. Daga ampul! Silin duk ya yi baƙi.

Maman Hadiza
Elhaji, da girmanku, ku ma masu gida sai a kira ku sau bakwai ba ku zo ba. Namu tun damina muke faɗa masa firigo na jan mutane, in ka taɓa ƙofar da jiƙaƙƙen hannu sai ka ji zirr har gwiwar hannu. Ya ce mu shimfiɗa kwali a gabanta. Yau wata takwas muna buɗe firigo a kan kwali.

Elhaji Mamman
Wannan kam bai kyauta ba. Ban ce duka muke da gaskiya ba Hajiya.

Malam Idi mai kuran
Hajiya, wanga ya hi na Sani tada mini hankali, don ke akwai yara. Firigo mai ja, wuta ce ke zurara ta hau jikin ƙarhen, kuma gidanku babu ter da za ta kwashe ta. Gidajen Yamai da dama priz ɗin na da ƙahwar ter, ka buɗe ka iske ba waya bayanta, ado ne. Ter ta gaskiya sanda ce ta ƙarhe da aka kahe cikin ƙasa, a ja mata waya har kowane priz. Ƙasarmu busassa ce, sai an nemi wuri mai laima an kahe da zurhi, kuma a auna. Wasu na haɗa ter da nitir cikin priz don su huta, wasu na ɗaurawa ga bututun hwamho. Duka biyun tarko ne. A na hwarko, ran da nitir ya katse jikin firigon ya zama faz.

Abu na biyu, diferansiyel. Ƙaramin dijontar ne da anka rubuta 30 mA a jikinshi, da maɓalli mai harahin T. Shi aikinshi lura: in kuran da ya tahi bai dawo cikakke ba, ya san ya bi ta wani wuri, wataƙila ta jikin ɗiyarki, nan take ya yanke. Kar ku dogara ga babban na wurin kontar. Ku duba, in kun ga 500 mA, wannan kaya yake tsaro da gobara, ba ran mutum ba. Ni da a ce mutum ya sayi sabon telebijin, gara ya sa wanga. A latsa T ɗin lokaci lokaci a ga ya hwaɗi.

Kahin nan, ki sa a duba firigon kanta. Kwali ba magani ne ba.

Maman Hadiza
Innalillahi. Yau zan nuna wa baban Hadiza saƙon nan, ko mai gida ya biya ko bai biya ba.

Sani Tela, Bukoki
Elhaji na kira mai gidan yanzu, yana Maraɗi, ya ce in gyara a cire cikin kuɗin wata. Baba Idi saura maganar neyon.

Malam Idi mai kuran
Nan ma kar ka ce na kashe makunni ya isa. Ƙa'ida makunni faz yake yankewa. Amma sau nawa na iske an sa shi kan nitir: ampul ta mutu, wuta na zaune cikin duy tana jiranka, kai ko kana bisa tsani. Dijontar dai, sannan testar.

Salisu ɗalibi
Wata alama ma: in ka kashe LED da dare ka ga tana ɗan haske dishi-dishi ko tana ƙiftawa, sau da yawa wannan ne dalili, ko kuma makunnin mai ƴar fitila ne a jiki. Game da neyon, tsohon reglet, wato gidan da tib ɗin ke zama, yana da balas da starta a ciki, su ke tada neyon ɗin. Wani tib ɗin LED sai an cire balas an sake haɗin, wani starta kawai ake canzawa, kowanne da zanensa a kwali. Mafi sauƙi ka sauke reglet ɗin dungurungum ka sa na LED, waya biyu ne. Kuma tsohon tib ɗin kar a ba yara su fasa, akwai zaiba a ciki.

Nura Ƙonni
In duy za ka sa, ka lura iri biyu ne, mai murɗawa E27 da mai ƙusa biyu B22, kar ka sayo ampul ta ƙi shiga. A mai murɗawa faz na zuwa ɗigon tsakiya ne can ciki, ba zoben gefe da yatsa ke taɓawa ba. Wannan kam Sakkwato da Yamai duk ɗaya ne.

Hamisu mai pano
Ban ga wanda ya taɓo wannan ba. Tun watan Agusta 2023 da Najeriya ta yanke layin da ke zuwa mana ta Birnin Kebbi, har aka maido a Maris 2024, mutane da yawa sun sa pano na hasken rana da batir, wasu gurup, wato injin wuta. Gidan da ke da ondilar, na'urar da ke juya wutar batir ta zama ta gida, ka sauke dijontar ɗin kontar, ita a ganinta an ɗauke wuta ne, sai ta karɓa nan take ta ci gaba da ba gida 220. Ka kashe ta ita ma. Gurup kuma da ake cusa wa gida ta priz da waya mai fish biyu, wannan Allah ya kiyaye, yana iya maida wuta har kan layi ya sami ma'aikacin da ke bisa fal-waya.

Sani Tela, Bukoki
Ni ba pano ba gurup, talaka ne. Kontar ɗina ni kaɗai. Gobe in sha Allahu.

Majo Rakiya
Kafin goben, kowa ya riƙe wannan. In wuta ta kama mutum kar ka cafke shi, ku zama biyu. A ruga a kashe dijontar. In ya yi nisa, busasshen icce ko muciya busasshiya a ture wayar, kana tsaye a busasshen wuri. In ba ya numfashi a kira ƴan kwana-kwana a 18, a fara danna ƙirji ba tsayawa. Madarar da ake ɗura wa mutum ba ta cire wuta daga jiki, wanda bai farfaɗo ba ma tana iya sarƙe shi. Ko ya tashi ya ce lafiya lau, a kai shi a duba zuciya. In kuma priz ya kama da wuta, ba a watsa ruwa sai an kashe kuran. Yashi dai, ga shi ko'ina.

Sani Tela, Bukoki
Jama'a barkanmu da rana. Baba Idi kuna kusa? Hannuna har rawa yake. Na sayo priz da testar a Katako. Na gwada testar ta kama. Na sauke dijontar, gidan ya yi tsit, bantilatar ta tsaya, ampul duk sun mutu, na manna skoc, na zaunar da babban yarona a wurin. Na dawo har na sa turnabis a sukurun murfin, sai na tuna kun ce a sake gwadawa. Na tura testar a ramin dama. Ta kama ja wur! Na koma na duba dijontar, yana ƙasa. Na dawo, ta sake kamawa.

Malam Idi mai kuran
Aje turnabis. Kar ka kwance komi. Wani lokaci testar na yin ɗan haske na ƙarya in waya ta kwanta kusa da wata mai wuta, amma kai ɗauke shi gaskiya ne. Sa cajar salula ciki ka gaya mini.

Sani Tela, Bukoki
Tana caji Baba. Gidana duk duhu, salula na caji.

Abdu Kabu-kabu
La ilaha illallahu. Aljanu ne ko me?

Malam Idi mai kuran
Ba aljani. Bayan bangon ga wa ke zaune?

Sani Tela, Bukoki
Maƙwabcina ne, wani Bazabarme ma'aikaci, mutumin kirki. Da can gida ɗaya ne, aka raba shi biyu kafin in shigo, kowa da kontar ɗinsa.

Malam Idi mai kuran
To ga aljaninka nan. Ba ni kwatance, ina Wadata, in na sallame la'asar ina zuwa da abin awo. Maida dijontar ɗinka yara su sha iska, amma priz ɗin ga a manne bakinshi.

Maman Hadiza
Malam Sani ka yi sadaka wallahi. Sukurun nan da ka kwance shi fa.

Sani Tela, Bukoki
Ga yadda ta kaya. Baba Idi ya zo, ya auna, wuta cikakkiya. Muka yi sallama da maƙwabci, ya sauke nasa dijontar, nan take priz ɗina ya mutu. Ashe da aka raba gidan, wanda ya yi aikin ya bar wannan ɗaya a layin wancan ɓangaren, ta bayan priz ɗinsu aka huda bango aka zuro. Da Baba ya buɗe, wayar siririya ce irin ta fitila, robar ta narke ta manne da kwalin, ƙunar ta bi ta har cikin bangon. Ya kankare bakinta da wuƙa ya nuna mini, sama ja, ciki fari fat, sanholo ne aka yi wa wankan jan ƙarfe. Priz ɗin maƙwabcin ma ta ciki ya soma baƙi, kuma a jikinsa katifar ɗiyarsa take. Baba ya cire haɗin daga can, ya toshe, ya ja mini sabuwar waya 2,5 daga nawa layin cikin bututu. Reglet ɗin LED kuwa ni na ɗaura da hannuna yana tsaye yana kallo, sau biyu yana sa ni sake ɗaure domino. Makunnin ma a nitir yake, ya juya shi.

Salisu ɗalibi
Tsaya tukuna yaya Sani. Shekara nawa kana guga a priz ɗin nan?

Sani Tela, Bukoki
Biyu da wata huɗu.

Nura Ƙonni
Wayyo cikina! Bagobiri ya shekara biyu yana guga da kuran ɗin Bazabarme! Kai Sani, ka rantse ba ka sani ba?

Elhaji Mamman
Ni dai ban taɓa jin Bagobiri ya yi mamakin arahar faktir ɗin wuta ba. Shiru ya yi yana godiya ga Allah.

Sani Tela, Bukoki
Wallahi Elhaji ni cewa nake dutsen gugar ne mai tattali, har na yi wa wasu teloli tallarsa. Shi kuma bawan Allah ya ce sau biyu yana canza firigo, yana zargin ita ke shanye masa kuɗi, har faɗa ya yi da matarsa a kan bantilatar. Da ya gane, ya zauna bakin ƙofa ya yi dariya har da hawaye, ya ce dama kakanninsa sun gaya masa kar ya haɗa bango da Bagobiri.

Abdu Kabu-kabu
To yanzu wa zai biya? Mai gida ai, shi ya raba gidan.

Elhaji Mamman
Kun gani ko, an dawo kanmu. Gyaran na mai gida ne, na yarda. Amma wutar da aka sha, wanda ya yi guga shi ya sha.

Sani Tela, Bukoki
Mun daidaita. Ya ce ba ya karɓar ko dala daga hannun bawansa, amma kayan Sallar gidansa duka a kaina, shi da matarsa da ɗiya huɗu, har da aiki a wuya. Ya riga ya aiko da shadda. Baba Idi, Maman Hadiza ta ce in tambaye ku ko kuna da sarari ranar Asabar ku leƙa firigonsu a Talaje.

Malam Idi mai kuran
Asabar da sahe, in Allah ya kai mu. Hajiya a bar mini kwalin nan inda yake, ina son in ga mai gidan ya tsaya kanshi.